Girman 'Ya'yan Kifin Kwad: Lissafin Cikin Jiki Da Ke Taɓa Farashin Okporoko

A ƙarshen shekarar 2024, Hukumar Haɗin Gwiwa ta Norwe da Rasha Kan Kamun Kifi ta yanke cewa a 2025 ba za a kama kifin kwad fiye da tan 340,000 a Tekun Barents ba. A 2024 adadin da aka amince da shi tan 453,427 ne, alhali kuwa a 2013 tan miliyan ɗaya cur aka ba masunta. Watau ke nan cikin shekara 12 kason ya sauko zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Wannan labari na can ƙuryar arewacin duniya ya shafi aljihun ɗan kasuwar Nijeriya. Kwad shi ne kan gaba cikin kifayen da ake shanyawa a tsibiran Lofoten na ƙasar Norwe har su sandare kamar icce, su zama busasshen kifin nan da Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma su ce panla. Nijeriya da Italiya su ne manyan kasuwanninsa a duniya. Daga tashar jiragen ruwa ta Legas buhunan kawunansa da gangar jikinsa ke bazuwa zuwa Aba da Onitsha, har su iso Sabon Garin Kano. Da yake sai an shanya kimanin kilo biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na busasshe, duk ƙarin da aka yi wa ɗanyen a bakin teku yakan iso nan a ninke.

Babban dalilin da masana suka bayar na rage kason shi ne, ƙananan kifayen da ke tasowa ba su kai yawan manyan da ake kamawa ba. To, me ke sa wasu 'ya'yan kwad su yi saurin girma su tsira, wasu kuma su tsumbure su halaka, alhali uwa ɗaya ta saka ƙwansu, kuma ruwa ɗaya suke ciki? Kaso mai tsoka na amsar yana cikin abin da masana kimiyya ke kira metabolizim, watau yadda jiki ke ƙona abinci ya fitar da ƙarfin da yake rayuwa da shi. A wannan bayani za mu riƙa kiransa wutar jiki.

Daga ƙwai zuwa koma

Kwad kifin ruwan sanyi ne na arewacin Tekun Atlantika. Kowace shekara, tsakanin watan Janairu da Afrilu, manyan kwad na Tekun Barents kan yi ƙaura zuwa gaɓar Norwe don saka ƙwai, a lokacin ne kuma ake babban su na Lofoten. Babbar mace guda takan saka ƙwai miliyoyi. Wani masani ɗan Norwe, G. O. Sars, shi ne ya gano a tsakiyar shekarun 1860 cewa ƙwan kwad yawo yake yi a saman ruwa, igiya na tafiya da shi.

Ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe tsawonsa kimanin milimita huɗu ne kacal. Yakan fito da ɗan guzurin gwaiduwa a cikinsa wanda zai riƙe shi 'yan kwanaki. Kafin guzurin ya ƙare, tilas ya koyi kamun ƙananan ƙwarin ruwa waɗanda ido bai cika gani ba. Fiye da kashi 99 cikin 100 na 'ya'yan kan mutu a watannin farko, wasu da yunwa, wasu a bakin manyan kifaye. Wanda ya tsallake sai ya kai shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara shiga komar masunta, kuma a Tekun Barents sai wajen shekara bakwai yake fara haihuwa.

Littafin shiga da fita

Ɗan kasuwa zai fi saurin fahimtar wannan al'amari idan ya ɗauki jikin kifi tamkar kanti. Abincin da kifi ya ci shi ne cinikin da ya shigo. Daga ciki akwai abin da ke zubewa, watau kashi da sauran dattin da jiki ke fitarwa. Akwai kuɗin gudanarwa, watau ƙarfin da ake ƙonawa don zuciya ta buga, jini ya gudana, a narkar da abinci, a yi iyo. Abin da ya saura bayan an biya waɗannan duka shi ne riba, kuma ribar ita ce girma.

A 1979 wasu masana biyu na ƙasar Kanada, J. R. Brett da T. D. D. Groves, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa kan ƙananan kifaye masu cin nama, suka fitar da matsakaicin lissafi kamar haka: cikin kowane kashi 100 na ƙarfin da ke cikin abinci, 44 na tafiya ga wutar jiki, 27 na zubewa, 29 ne kaɗai ke zama tsoka da ƙashi. Abin lura a nan shi ne, kuɗin gudanarwa ya fi ribar yawa. Saboda haka ɗan bambanci kaɗan a wajen kashewa yakan zama babban bambanci a wajen riba. Alal misali, idan wutar jikin wani kifi ta ci 50 maimakon 44, ribarsa ta sauko daga 29 zuwa 23 ke nan, ya yi asarar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na girmansa, ko da yake abinci ɗaya suka ci da ɗan'uwansa.

Yadda ake auna wutar jiki ba shi da wuyar ganewa. Kamar kowace wuta, ba ta ci sai da iskar oksijin. Masana kan hana kifi abinci na 'yan kwanaki har cikinsa ya zama wayam, sa'an nan su sa shi cikin wani rufaffen bututu mai ruwa, su bar shi ya natsu, su riƙa auna yadda oksijin ɗin ruwan ke raguwa. Adadin da kifin ya shaƙa yana kwance, ba ya iyo ba ya narkar da komai, shi ne mafi ƙarancin abin da zai kashe ya ci gaba da rayuwa. Wannan shi ne kuɗin hayar kanti, wanda dole a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Mai babban kanti da mai ɗan tebur

Abin da ya ja hankalin masana shi ne, wannan kuɗin haya ba ɗaya ba ne ga kowa. Cikin kifaye masu jinsi ɗaya, shekaru ɗaya, nauyi ɗaya, a ruwa mai sanyi ɗaya, akan sami wanda wutar jikinsa ta ninka ta ɗan'uwansa sau biyu, wani lokaci har sau uku. Wani ɓangare na bambancin gado ne, wani kuma ya danganta da irin ƙwan da uwa ta saka da halin da kifin ya taso a ciki.

A kallon farko mutum zai ce mai ƙaramar wuta shi ne da riba, tun da yake kashewarsa kaɗan ce. Amma binciken da Neil Metcalfe na Jami'ar Glasgow da abokan aikinsa suka buga a 1995 kan 'ya'yan kifin salmon ya nuna cewa masu babbar wutar jiki su ne suka fi zafin nama, su ke danne 'yan'uwansu su kame wurin da abinci ke wucewa. Daga baya aka ci gaba da gwada kifaye iri-iri, sai hoton ya ƙara fitowa: inda abinci ya wadata kuma ake samunsa a kai a kai, mai babbar wuta yakan ci da yawa, ya narkar da sauri, ya dawo ya ƙara, don haka ya yi gaba. Inda abinci ya yi ƙaranci kuwa, shi ne ke fara ramewa, domin kuɗin hayarsa ba ya jira.

Wannan shi ne halin mai babban kanti da mai ɗan tebur. Lokacin da kasuwa ke ci, mai babban kanti da yaransa da motocinsa shi ke kwashe riba. Ranar da kasuwa ta mutu, hayar rumfa da albashin yara su ke fara karya shi, mai tebur kuwa ya lallaɓa ya kai gaba. Teku ba ta da tabbas: wata shekara ƙwarin ruwa kan yi yawa daidai lokacin da 'ya'yan kwad ke ƙyanƙyashewa, wata shekara kuma su saɓa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ci gaba da samun iri biyun a cikin garke guda.

Akwai kuma wani kashe-kashe da ba a gani. Jikin kifi kullum cikin ginin furotin yake, watau sinadarin da ake yin tsoka da shi, kuma kullum yana rushe wani sashe na abin da ya gina yana sabuntawa. Ginin nan yana cin ƙarfi ainun. Dominic Houlihan da abokan aikinsa a Jami'ar Aberdeen sun auna wannan a jikin kwad a ƙarshen shekarun 1980, sa'an nan suka ci gaba da wasu kifaye. Abin da aka fahimta daga wannan aiki shi ne, kifin da ke amfana da abinci sosai shi ne wanda ke riƙe kaso mafi yawa na abin da ya gina. Magina biyu ne aka ba bulo daidai wa daida, ɗaya yana ɗorawa yana rushewa, ɗaya yana ɗorawa yana wucewa gaba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Cin abinci shi kansa yana da kuɗinsa. Da zarar kifi ya ƙoshi, numfashinsa kan tashi, ya jima a sama sa'o'i da yawa, a ruwan sanyi ma har kwanaki, kafin ya sauko. Ƙarfin nan na tafiya ne wajen narkar da abinci da mayar da shi tsoka.

A nan ne wata iyaka ke shigowa. Akwai matuƙar oksijin da matsatsin kifi, watau jajayen sassan nan na gefen kai da yake numfashi da su, tare da zuciyarsa za su iya kai wa jiki. Tazarar da ke tsakanin kuɗin haya da wannan matuƙa ita ce rarar da kifi ke juyawa, kamar jarin da ɗan kasuwa ke juyawa bayan ya cire kuɗin rumfa. Masanin Kanada F. E. J. Fry ne ya tsara wannan tunani a 1947. Daga cikin rarar ne kifi zai yi iyo, ya yi farauta, ya guje wa maƙiyi, ya kuma narkar da abinci.

Gwaje-gwajen da aka yi kan 'ya'yan kwad a Aberdeen a farkon shekarun 1980 sun nuna cewa bayan ƙoshi sosai, narkarwa kaɗai kan cinye mafi yawan wannan rara. Taura biyu ba ta taunuwa: ɗan kwad ɗin da ya cika ciki ba shi da sauran ƙarfin gudu mai tsawo. Saboda haka kifin da rararsa ta fi faɗi yana iya cin babbar loma ya kuma tsere wa mai farautarsa, wanda tasa ta ƙuntata kuwa sai ya zaɓi ɗaya.

Shi ya sa ƙarancin oksijin a ruwa ke tsumburar da kifi tun kafin ya kashe shi. A 1999 Denis Chabot da Jean-Denis Dutil na wata cibiyar binciken teku ta gwamnatin Kanada a lardin Kwibek sun nuna cewa idan oksijin ɗin ruwa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 70 cikin 100 na cikarsa, kwad kan rage cin abinci, girmansa ya ja baya. Kifin ba ciwo yake ba, jikinsa ne ya ga ba zai iya biyan kuɗin narkar da babbar loma ba.

Abin da ya yi saura bayan ginin tsoka, kwad a hanta yake tara shi. Namansa fari ne, kitsen da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba, amma hantarsa cike take da mai. Wannan shi ne man hantar kifi da iyaye suka daɗe suna ba yara a nan ƙasar. Masana kan auna nauyin hanta su gwada da na jiki don su san ko kifi yana da ajiya. Ɗan kwad ɗin da hunturu ya riska da ƙaramar hanta, ya shiga wuya.

Zafin ruwa da irin jini

Kifi ba ya ɗumama jikinsa kamar mutum ko akuya. Zafin jikinsa shi ne zafin ruwan da yake ciki, don haka ruwa ne ke hura wutar jikinsa ko ya rage ta. A ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 na ma'aunin santigired yakan ninka wutar jiki kusan sau biyu. Ɗumi kan ƙara wa kifi cin abinci da saurin narkarwa, amma yana ƙara kuɗin haya. Akwai matakin da riba ta fi yawa. In an wuce shi, kashewa kan ci gaba da hawa, cin abinci kuma ya tsaya, riba ta zube.

A 1995 Keith Brander ya gwada garken kwad 17 na sassan arewacin Atlantika, ya tarar da cewa mafi yawan bambancin girmansu zafin ruwa ne ya kawo shi: duk ƙarin digiri ɗaya na ƙara nauyin kifi ɗan shekara huɗu da kusan kashi 30 cikin 100. A ruwan Labrador mai tsananin sanyi, ɗan shekara huɗu bai kai kilo ɗaya ba. A ruwan kudancin Ailan mai ɗan ɗumi, sa'ansa kan kai wajen kilo bakwai.

Bugu da ƙari, matakin da ya fi dacewa yana sauyawa da girman kifi. Björn Björnsson da abokan aikinsa a ƙasar Aislan sun ba da rahoto a 2001 cewa kifi mai nauyin giram biyu ya fi girma a wajen digiri 17, mai kilo biyu kuwa a wajen digiri bakwai. Gwajin da suka sake a 2007 ya matso da alkaluman zuwa digiri 15 da digiri tara, amma ƙa'idar ba ta canja ba: ƙarami na son ɗumi, babba na son sanyi. Haka nan wutar jikin ƙaramin kifi, idan aka auna ta bisa kowane giram, ta fi ta babba ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa yake saurin girma, shi ya sa kuma yunwa ke saurin kayar da shi.

Gado ma yana da hannu. A 1961 masanin ƙasar Denmak Knud Sick ya gano cewa sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jinin kwad, watau hemogulobin, iri biyu ne. Iri ɗaya ya fi yawa a kifayen ruwan arewa mai sanyi, ɗayan kuma a na kudu. A wani gwaji da aka buga a 2003, an bar 'ya'yan kwad su zaɓi ruwan da suke so. Masu jinin arewa suka zaɓi wajen digiri takwas, masu jinin kudu suka zaɓi wajen digiri 15. Ke nan kifaye biyu a tanki ɗaya, ruwan da ya yi wa ɗaya daidai yana iya yi wa ɗayan zafi.

Yadda ɗan rata ke buɗewa

Girman ƙaramin kifi yana tafiya ne kamar ribar da ake mayarwa cikin uwar kuɗi. A ɗauki kifaye biyu masu giram ɗaya ɗaya don misali. Na farko na ƙaruwa da kashi biyar cikin 100 a kullum, na biyu da kashi huɗu. Bayan kwana 60, na farko ya kusa giram 19, na biyu yana giram 10 da rabi. Bambancin kashi ɗaya tak ya sa ɗaya ya kusa ninka ɗan'uwansa.

Daga nan al'amarin kan ciyar da kansa. Wanda ya ɗara girma bakinsa ya fi faɗi, yana iya haɗiye abincin da ƙanana ba su iyawa. Ya fi gudu, ya fi ƙarfin ture. Ƙaramin da ake kora kullum yana ƙona ƙarfinsa a gudu da firgita, kuɗin gudanarwarsa na hawa, cinikinsa na raguwa. Idan ratar ta yi nisa, sai babban ya juya kan ɗan'uwansa. Kwad kifi ne mai cin jinsinsa, kuma Arild Folkvord na Jami'ar Bergen ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa cin juna na daga cikin manyan hanyoyin asara a renon 'ya'yan kwad, musamman inda girmansu ya bambanta kuma abinci bai isa ba.

A teku, saurin girma shi ne tsira. Kowane ƙaramin kifi na da lokacin da kusan kowa ke iya haɗiye shi. Wanda ya yi saurin wuce wannan mataki ya rage kwanakin da zai yi a bakin mutuwa.

Daga tanki zuwa kasuwa

Tun a 1914 masanin Norwe Johan Hjort ya bayyana cewa arzikin masunta na hawa da sauka ne bisa ga albarkar haihuwar kowace shekara, kuma a watannin farko na rayuwar kifi ake yanke wannan albarka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kason tan miliyan ɗaya na 2013 ya samu ne saboda 'ya'yan 2004 da 2005 sun rayu da yawa ƙwarai. Da waɗannan suka tsufa suka ƙare, kuma shekarun baya-bayan nan ba su ba da kamarsu ba, sai kason ya kama sauka. Saboda haka ne jiragen bincike na Norwe da Rasha ke fita kowace shekara su ƙidaya 'ya'yan kifi, su auna tsawonsu da nauyinsu.

Tarihi ya nuna abin da ke biyo baya idan aka ƙi kula. A 1968 an kama kwad fiye da tan 800,000 a ruwan Newfoundland da Labrador. A ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan kamun kifi na Kanada John Crosbie ya rufe sun baki ɗaya, mutane kimanin 30,000 suka rasa sana'a. Wuce gona da iri wajen kamu ne babban dalili, amma kifin wannan ruwa mai sanyi jinkirin girma gare shi, don haka farfaɗowarsa ta yi nawa. Sai a 2024, bayan shekara 32, aka sake buɗe sun da kason tan 18,000 kacal. A gabashin Tekun Baltik kuwa, inda oksijin ya ƙaranta a ƙarƙashin ruwa, kwad ya rame ya tsumbure, har Tarayyar Turai ta dakatar da kamunsa a 2019.

Masu zuba jari a kiwon kwad su ma sun ɗanɗana. A farkon shekarun 2000 Norwe ta kafa shirin ƙasa na inganta irin kwad a Tromsø, kamfanoni suka yi rububin shiga. A wajen 2010 abin da ake samarwa ya kai kimanin tan 20,000 a shekara, amma cikin 'yan shekaru kusan duk kamfanonin suka durƙushe. Rikicin kuɗi na 2008 da yawan kifin teku mai araha sun taimaka, amma akwai matsalolin cikin tanki: rashin daidaiton girma, cin juna, naƙasa, cuta, da balaga da wuri, wadda ke karkatar da ribar jiki zuwa ƙwai maimakon tsoka. Tun wajen 2020 sana'ar ta sake tasowa da irin da aka tace zuriya bayan zuriya, ana zaɓar masu mayar da abinci tsoka da sauri. An kuma tabbatar cewa 'ya'yan da aka fara ciyarwa da ƙwarin ruwa irin na teku sun fi girma bisa waɗanda aka rena da abincin ƙyanƙyasa na yau da kullum.

Abin da ya shafe mu

Ga mai shigo da okporoko, darasin a fili yake. Farashin da zai tarar bayan shekara huɗu ko biyar ana rubuta shi yau a jikin kifin da bai kai yatsa ba. Hukumar Norwe da Rasha na sanar da kason shekara mai zuwa a ƙarshen kowace shekara, Cibiyar Binciken Teku ta Norwe da ke Bergen kuma na bayyana sakamakon ƙidayar 'ya'yan kifi. Wanda ke bin waɗannan alkaluma tare da canjin Naira zai san lokacin ƙulla cinikin dogon zango, da lokacin karkata ga kawuna ko wasu kifayen dangin kwad da ake busarwa.

Ga mai kiwon tarwaɗa kuwa, labarin ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa zuba 'ya'yan tarwaɗa a tanki ya ga yadda cikin 'yan makonni wasu ƙalilan ke yi wa saura zarra, su koma cin 'yan'uwansu. Tarwaɗa kifin ruwan ɗumi ce, tana kuma iya shaƙar iska a sama, don haka alkaluman zafin ruwa na kwad ba su hau kanta. Amma littafin shiga da fita ɗaya ne. Tace kifi a kai a kai a ware manya daga ƙanana yana hana ratar buɗewa. Watsa abinci a faɗin tanki, kaɗan-kaɗan sau da yawa, yana hana masu ƙarfi kame wuri. Canja ruwa a kan kari yana kare rarar da kifi ke narkar da abinci da ita. Ranakun hunturu da ruwa ke sanyi, wutar jikin kifi na raguwa, don haka abincin da aka zuba kamar na bazara asara ce da ɓata ruwa. Da yake abinci ke cin fiye da rabin kuɗin kiwo, kowane kilo da ya tafi ga gudu da faɗa an cire shi ne daga ribar mai gona.

Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa da Cibiyar Binciken Teku da ke Legas su ne hukumomin da aka ɗora wa irin wannan aiki a Nijeriya. Norwe ta shafe fiye da shekara 150 tana auna kifinta tun daga ƙwai, kuma a kan wannan awo take tsara kason masunta, bankuna su ba da rance, 'yan kasuwa su yanke farashi. Masu kiwon kifi na ƙasar nan, da bankunan da ke ba su bashi, suna buƙatar irin waɗannan alkaluma kan tarwaɗa da karfasa kafin su san ainihin abin da jarinsu zai haifar.